Yadda Ake Gano Tushen Baƙuwar Ƙara a Tsohuwar Motar Mazda MX-5

Duk wanda ya daɗe da tsohuwar mota ya san muryarta kamar yadda makiyayi ya san kukan kowace saniya a garkensa, saboda haka ranar da wata ƙara ta daban ta shigo, kunne yakan kama ta tun kafin a iya faɗin daga inda take fitowa. A nan ne yawancin masu mota suke tafka asara. Sai a garzaya gareji, makaniki ya kasa kunne na minti ɗaya ya ambaci sunan wani kaya, a saya a ɗaura, a dawo gida ƙarar tana nan daram. Akwai hanyar da ake bi a takura ƙara zuwa wuri guda kafin a kwance ko da noti ɗaya, kuma ita zan bi daki-daki, da Mazda MX-5 ta zubin farko a matsayin abin misali, domin ita na fi sani.

An fara nuna wannan mota a baje kolin motoci na birnin Shikago a watan Fabrairun 1989, a Hiroshima ta ƙasar Japan ake ƙera ta, kuma zubin farko mai fitilun gaba masu ɗagowa ya ci gaba da fita har 1997. A Amurka ana kiranta Miata, a Japan kuwa Eunos Roadster. Kujera biyu gare ta, injinta mai silinda huɗu yana gaba, lita 1.6 da farko sannan 1.8 daga baya, tayoyin baya ne suke tura ta, nauyinta kuma kusan tan ɗaya ne. Ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25 a duniya. Direba yana zaune ƙasa-ƙasa, akwatin giya a gefen ƙafarsa, aksul ɗin baya kusa da bayansa, rufin tamfol a kansa, don haka yana jin abubuwan da direban babbar mota ba zai taɓa ji ba. Wasu ƙararrakin halinta ne tun tana sabuwa, wasu kuwa gargaɗi ne, kuma aikin gaba ɗaya shi ne rarrabe su.

Kafin a fara kowane gwaji, akwai yanayin da ba a ci gaba da tuƙi a cikinsa. Idan ƙarar bugu ne mai nauyi daga can cikin inji, ko ta zo tare da faɗuwar allurar gejin bakin mai, ko hawan allurar zafi, ko kuma birki ko sitiyari ya canza hali a hannunka, to ka gangara gefen hanya ka kashe motar, a jawo ta. Kuɗin janwe bai kai kuɗin injin da ya buga ba. Game da gejin bakin mai akwai abin lura: a motocin shekarun farko allurar tana nuna ainihin ƙarfin man, tana hawa tana sauka da wutar da ka ba inji, amma daga zubin 1995 kamfanin ya mayar da ita mai tsayawa wuri ɗaya muddin akwai ɗan ƙarfi kaɗan. Idan taka irin ta baya ce, kada tsayuwar allurar ta kwantar maka da hankali.

Mataki na farko takarda da biro ne. Ka rubuta lokacin da ƙarar take zuwa: da sanyin safiya ne lokacin tayarwa ko bayan inji ya ɗau zafi, a tsaye ko a tafe, a wace giya, a wane gudu, kana taka totur ko ka ɗaga ƙafa, a kan kwalta mai santsi ko a gargada. Ka rubuta kuma yadda take, da kalmomin da suka fi kama da ita, ko ƙas-ƙas ce, ko ƙwanƙwasa, ko ƙugi, ko fito, ko kacau-kacau. Ka ɗauke ta a waya idan za ta ɗauku, domin ƙara tana da halin ɓuya da zarar an isa gaban makaniki. Sannan ka tambayi kanka abin da aka taɓa a motar na ƙarshe. Ƙarar da ta ɓullo kwana biyu bayan juyen bakin mai, ko canjin taya, ko gyaran kuloci, sau da yawa tana wurin da hannu ya taɓa.

Bayan haka ka kwashe komai daga cikin motar. A wannan mota batir yana cikin but tare da safaya da jak, kuma batirin da maɗaurinsa ya kwance yakan yi dukan da za ka rantse daga ƙarƙashin mota yake. Ka girgiza su ɗaya bayan ɗaya, ka duba maƙallan rufin guda biyu da suke saman gilashin gaba, ka taɓa lambar mota, ka gwada ɗaurin notocin tayoyi huɗun. Wannan ba ya cin minti goma.

Yanzu sai babbar tambaya, wadda duk sauran aikin ya rataya a kanta: ƙarar me take bi? Ko dai tana bin juyawar inji, ko tana bin gudun mota, ko tana bin yanayin hanya. Ka tsayar da motar, ka ja birkin hannu, giya a firi, ka ba ta wuta a hankali kana kallon allurar juyawar inji. Idan ƙarar ta fito tana sauri da saurin inji alhali motar ba ta motsa ba, ka fitar da tayoyi da birki da aksul daga zargi. Idan ba ta fito ba, ka nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, ka kai gudun da ƙarar take bayyana, ka mayar da giya firi ka bar motar tana gangarawa da kanta, amma kada ka kashe inji, domin birki yana dogara da shi. Inji zai koma silo, wato juyawarsa a hankali ba a taka totur ba. Idan ƙarar ta ci gaba tana raguwa da raguwar gudu, to daga akwatin giya zuwa tayoyi take. Idan kuwa sai an faɗa rami ko an hau tudun rage gudu take zuwa, to ƙafafun mota ne ko wani abu da ya kwance.

Idan tana bin inji

Ka buɗe bonet, ka naɗe hannun riga, ka cire hula da agogo da duk abin da yake lilo. Babbar riga ba ta da wuri a gaban injin da yake aiki. Fankar lagireton wannan mota ta lantarki ce, tana iya tashi ba zato ko da ka gan ta a tsaye, saboda haka kada yatsa ya kusance ta.

Kayan sauraro shi ne doguwar sukudireba. Ka ɗora bakinta a jikin ƙarfen da kake zargi, ka dunƙule hannu a kan mariƙinta, ka manna kunnenka a babban yatsanka. Hayaniyar da ta cika wurin za ta ja baya, ka ji abin da yake gudana a ƙarƙashin bakin sukudireban kaɗai, sarai kamar an rufe ɗaki. Boris mai lafiya yana yin shuu mai santsi, wanda ya lalace kuwa yana gurzawa kamar ana niƙa yashi. Ka riƙa matsar da ita taki ɗaya-ɗaya, a kan murfin bawul daga gaba zuwa baya, a jikin altaneta, a gefen injin ƙasa, kana neman inda ƙarar ta fi ƙarfi. Ba a ɗora ta a kan abin da yake juyawa. Inda sukudireba ba za ta kai ba, guntun tiyo yana yin aikin: baki ɗaya a kunne, ɗayan kana yawo da shi.

Ƙarar da masu wannan mota suka fi kawo kuka a kanta ita ce ƙas-ƙas mai sauri daga saman inji, kamar keken ɗinki. Zubin farko yana da tafet, wato 'yan ƙarafan da suke danna bawul ya buɗe, masu cika kansu da bakin mai, guda goma sha shida, ɗaya a kan kowane bawul, kuma man yana shiga cikinsu ta wata 'yar ƙaramar kafa. Idan motar ta kwana biyu a ajiye man yakan tsiyaye, idan kuma man ya tsufa ko ya yi ƙasa kafar takan toshe ko iska ta shiga, sai tafet ya yi sako-sako ya riƙa bugawa. Ana gane ta da lissafi mai sauƙi. Sandar da take danna bawuloli tana juyawa sau ɗaya a duk juyi biyu na karanshaf, silon wannan inji kuwa kusan juyi 850 ne a minti, don haka tafet ɗaya zai buga kusan sau bakwai a daƙiƙa. Ƙara ce siririya, a sama take, kuma ba ta ƙara nauyi idan an ɗora wa inji kaya. Wadda ta zo da tayarwa ta ɓace cikin 'yan daƙiƙoƙi ba abin damuwa ba ce. Wadda ta zauna kuwa, maganinta na farko shi ne a duba yawan bakin mai da sandar awonsa, a yi juye da mai mai kyau irin 10W-30 da sabuwar filta, sannan a hau babbar hanya a yi tafiyar rabin sa'a har injin ya gasu. Sau da yawa daga nan take yin shiru. Ban yarda da al'adar zuba mai mai kauri sosai don kawai a danne ƙara ba, domin idan ciwon na ƙasa ne kaurin man ɓoye shi zai yi, idan kuma na tafet ne mai kauri yana jinkirin ratsa waccan kafa da safe.

Abubuwa biyu suna kwaikwayon tafet. Na farko nozul masu fesa fetur cikin inji, waɗanda suke yin nasu ƙas-ƙas ɗin a kowane lafiyayyen inji, kuma sukudireba za ta nuna maka su nan take, domin duk huɗun za su yi ƙara iri ɗaya, tsaf-tsaf. Na biyu shi ne yoyon hayaƙi a inda bututun salansa ya haɗu da kan inji. Na taɓa kai mota wani gareji kan irin wannan ƙara, aka ce mini sai an sauke kan inji. Kafin in amince na dawo gida na bar ta ta huce, washegari na haska tocila a gefen bututun, sai ga wani siririn layin baƙin toka ya fito daga gaskit ya bi jikin ƙarfe kamar an zana da gawayi, noti ɗaya kuma ya ɓace gaba ɗaya. Alamar irin wannan yoyo ita ce ƙarar ta fi ƙarfi da sanyi, ta ragu idan ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe ya toshe kafar, kuma tana ƙaruwa idan an taka totur da ƙarfi.

Ƙarar da ake tsoro daban take. Idan metal ɗin kwanrod, wato shimfiɗar da take tsakanin sandar fistin da karanshaf, ya ci, bugun yana da zurfi da nauyi, kamar ana dukan turmi da taɓarya a ɗaki na gaba, yana fitowa daga injin ƙasa, yana ƙara bayyana idan mai ya yi zafi ya tsinke, kuma an fi jin sa idan an ɗan ba da wuta an sassauta. Gwajinsa shi ne a hana silinda ɗaya aiki a saurara, sannan a mayar a koma ta gaba, idan bugun ya ragu sosai a wata silinda to ita ce mai ciwon. A wannan mota ka yi gwajin ta hanyar zare soket ɗin nozul. Kada ka zare wayar fulogi inji yana aiki, domin hakan yana iya ƙona kwayil, ban da girgizar wutar da za ka sha. Shaida ta ƙarshe tana cikin man kansa. Ka tsiyaye shi a kwano mai tsabta ka fita da shi rana, idan ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, kada a sake tayar da injin sai an buɗe shi.

Daga gaban inji kuma ƙii ko fito ko gurnani suke fitowa. Idan ƙii ce mai tsini da take zuwa da tayarwa, ko lokacin da aka kunna na'urar sanyi, ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka yayyafa ɗan ruwa a kan bel. Idan ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo, bel ne yake zamewa, a ɗaure shi ko a canza. Idan ruwan bai canza komai ba, zargi ya koma kan boris. A motar da take da na'urar sanyi ko famfon sitiyari, bel biyu ne. Ka kashe inji ka cire na waje, wanda yake juya waɗannan biyun, ka tayar ka saurara. Idan ƙarar tana nan, ka cire na ciki, wanda yake juya altaneta da famfon ruwa, ka sake tayarwa, amma sai injin yana da sanyi, kuma kada ya wuce minti ɗaya, tun da ruwa ba ya zagayawa a lokacin. Duk bel ɗin da cire shi ya kashe ƙarar, ciwon yana cikin abubuwan da yake juyawa. Ka juya kowane fuli da hannu, ka girgiza shi, wanda ya yi gurzo ko ya yi wasa shi ne. Famfon ruwa da ya gaji yakan bar farin tabo ko kore a ƙarƙashinsa. Idan an cire duka biyun ƙarar ba ta tafi ba, saura taimin bel da ƙananan fulinsa biyu a bayan murfi. Taimin bel da aka ɗaure fiye da kima yana yin kuwwa mai hawa da sauka da wuta. Ana canza shi duk mil 60,000, wato kusan kilomita 96,000, kuma sa'ar da aka yi ita ce a wannan inji ko ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, motar mutuwa kawai za ta yi a inda take.

Akwai wani ciwo da ya keɓanta da motocin 1990 da farkon 1991, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana kashe inji a hankali ba tare da mai mota ya farga ba. Hancin karanshaf ɗin waɗannan motoci gajere ne. Fulin ƙasa da haƙorin taimin suna zaune a kansa, wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira ki yana riƙe su a cikin tsaga, babban bol ɗaya kuma ya danne su. Idan aka canza taimin bel ba a ɗaure bol ɗin da ƙarfin da ya kamata ba, sai ki ɗin ya fara wasa yana cin tsagar. Ka tsaya a gefe inji yana silo ka kalli fulin ƙasa: lafiyayye yana juyawa cak kamar ba ya motsi, mai ciwo kuwa yana rawa. Ka kashe inji ka haska wurin bol ɗin, idan ka ga jan gari kamar na tsatsa ya taru a kewayensa, ƙarfe ne yake cin ƙarfe. Yawanci ana haɗa wannan da ƙwanƙwasa daga gaba da kuma mutuwar ƙarfi, musamman wajen tashi, domin taimin yana ja da baya a hankali. Ana gane mai gajeren hanci da ramuka huɗu a fuskar fulin, wanda kamfanin ya gyara daga baya kuwa takwas gare shi. Idan an kama shi da wuri ana iya ceto karanshaf ɗin. Duk makanikin da zai taɓa wannan bol, ka tabbata yana da sifana mai awon ƙarfin ɗauri kuma ya duba adadin a littafin motar, kada ya ɗaure da ƙiyasin damtse.

Wata ƙarar ba ta fitowa a tsaye, sai an ɗora wa inji nauyi. Idan kana hawan tudu a babbar giya da ƙaramin gudu, ka taka totur, ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, fetur ne yake fashewa kafin lokacinsa. Zubin farko ba shi da na'urar da take jin wannan bugu ta ja taimin wuta, wato lokacin da fulogi yake kunna fetur, baya da kanta. Kamfanin ya saita taimin a digiri 10, amma masu irin wannan mota a Amurka da Turai sun saba matsar da shi zuwa 14 don ƙarin kuzari, kuma motar tana iya isowa hannunka a haka ba ka sani ba. Abin da ya yi daidai a ƙasa mai sanyi da fetur mai kyau ba lallai ya jure zafin bazara da man 'yan bumburutu ba. A duba taimin da fitilarsa a mayar da shi 10, a sha mai a gidan mai da aka yarda da shi, a tabbata lagireto yana sanyaya yadda ya kamata. Wannan ƙara ba ta raini ba ce, domin idan ta daɗe tana lalata fistin.

Kacau-kacau ko zuu na gwangwani da yake zuwa a wani adadin wuta guda ya ɓace idan an wuce shi, kusan kullum faifan kare zafi ne na salansa. Motocin da suka fito daga Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa takan cinye maɗauran waɗannan faifai. Ka bari salansa ya huce, ka bi shi kana bugawa da dunƙulen hannu. Idan ƙarar daga cikin tukunyar tace hayaƙi take, wadda makanikai suke kira indomi, to abin cikinta ne ya farfashe.

Kuloci da akwatin giya

Wannan gwaji da ƙafar hagu ake yin sa, motar tana tsaye, inji yana silo, giya a firi. Idan akwai gurnani da yake ɗaukewa da zarar ka taka kuloci har ƙasa, daga cikin akwatin giya yake, wurin sandar da take karɓar juyi daga inji. Kaɗan daga wannan halin motar ne, musamman idan man giya ya yi zafi, kuma canza man yakan rage shi. Idan akasin haka ne, shiru sai ka fara taka kuloci sannan ƙii ko gurzo ya taso, boris ɗin da yake danna kuloci ne. Idan kuwa sai kuloci ya kai ƙasa an sa giya sannan ƙarar take zuwa, ƙaramin boris ɗin da yake tsakiyar fulawil ne. Waɗannan biyun ba su da tsada, amma sai an sauke akwatin giya ake kai musu, saboda haka idan aikin ya kama a canza su tare da faifan kuloci gaba ɗaya.

Kafin ka yanke wa akwatin giya hukunci, ka ɗaga murfin da yake kewaye da sandar giya ka duba robobin da suke ƙarƙashinsa. A tsohuwar MX-5 da wuya ka same su ba a yage ba, kuma idan sun yage ƙarar giya da zafi suna kwararowa cikin mota kai tsaye, har lafiyayyen akwati ya yi kamar zai tarwatse.

Idan tana bin gudun mota

Ƙugi mai ƙaruwa da gudu yana da tushe uku da aka fi sani: boris ɗin taya, ita tayar kanta, ko aksul ɗin baya. Ana raba su kamar haka. A hanya marar kowa, a matsakaicin gudu, ka ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama a hankali. Karkata hagu yana jefa nauyi a tayoyin dama, don haka idan ƙugin ya ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne, haka nan akasinsa. Ƙarar taya kuwa tana canzawa da irin kwaltar da ake takawa, kuma idan ka shafa tafin hannu a kan tayar za ka ji ta ci tudu da kwari ko ta yi kaifi ta gefe ɗaya. Ka musanya tayoyin gaba da na baya, idan ƙarar ta bi su ta koma, an gama magana. Aksul shi kuma totur yake bi: kuwwarsa tana tashi idan ka taka, ta canza ko ta ɗauke idan ka ɗaga ƙafa, abin da boris ɗin taya bai damu da shi ba.

Don tabbatarwa sai a ɗaga motar. A ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe a daɓe mai ƙarfi, ko a kai ta ramin gareji. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, ba a kuma dogara da bulo, domin bulo yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka juya ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da sifirin, domin gurzon boris yana bi ta cikinsa ya iso yatsu ko da kunne bai ji ba. Boris ɗin gaba a haɗe yake da mazauninsa, gaba ɗaya ake canzawa, na baya kuwa sai an matse shi da injin matsi. Idan zargi ya faɗa kan aksul, a duba mansa, kuma a fara kwance bol ɗin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi buɗuwa. Bol ɗin ƙasa yana da maganaɗisu. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa yake ji alama ce ta haƙori ko boris da ya fara karyewa. Man da ake zubawa shi ne 75W-90 mai lambar GL-5.

Gwaf guda ɗaya lokacin da aka taka totur ko aka saki, ko lokacin sauya giya, wasa ne a wani wuri tsakanin akwatin giya da tayoyi. Ka kama farfela, wato doguwar sandar da take kai juyi daga akwatin giya zuwa aksul, ka murɗa ta gaba da baya kana kallon kuros ɗinta biyu, wato gaɓoɓin da suke ƙarshenta, jan gari a bakinsu ko motsi kaɗan ya isa shaida. Kamfanin ya danne kuros ɗin ne a cikin farfelar, don haka yawanci ita duka ake canzawa. Wannan mota tana da wani dogon ƙarfen alminiyom da ya haɗa akwatin giya da aksul ya mai da su abu guda, kuma idan an sauke giya ba a mayar da shi daidai ba, ko bol ɗinsa ya yi sako-sako, yana kawo duka da jijjiga. Ka duba shi, ka duba robobin da suke riƙe aksul da na mazaunin inji.

Ƙarar birki ba ta da wuyar ganewa, tun da taɓa birki yana canza ta. Ƙii mai ɗaukewa ko tasowa idan an taka alama ce ta fad ya kusa ƙarewa, gurzon ƙarfe da ƙarfe kuwa ya riga ya ƙare. Tsakuwa ma takan maƙale tsakanin faifan birki da garkuwarsa ta yi ihu mai tayar da hankali.

Abin da ya rage shi ne ƙarar gargada. Ƙwal-ƙwal a kan ƙananan ramuka yawanci ƙananan sandunan da suke haɗa sandar hana tangaɗi da ƙafar mota ne, kuma ana tabbatarwa ta hanyar kwance su a ɗaure gefe a ɗan zagaya a hankali. Dum mai nauyi shokazoba ne ko robar samansa, ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohuwar ƙofa kuwa bushin ne da ya bushe. Wanda ba a jinkiri da shi shi ne boljoyin na ƙasa da tayarod, wato gaɓoɓin da suke riƙe tayar gaba, domin idan ɗayansu ya fita taya tana kwantawa ne ana cikin tafiya. A sa ƙarfe a ɗaga su a gani, duk wanda ya yi wasa ko robarsa ta yage giris ya fita, a canza shi a ranar.

Idan ka isa gareji, ka miƙa wa makaniki abin da ka rubuta, ka ɗauke shi a motar ka nuna masa ƙarar da kunnensa, kai kana tuƙi shi yana saurare. Ka ce masa, misali, Malam, tana zuwa ne daga gudun kilomita 60, ba ta damu da totur ba, tana ƙaruwa idan na karkata hagu. Ka roƙe shi ya nuna maka wasan ko gurzon a jikin kayan kafin a saya sabo, a canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a ajiye maka tsohon ka juya shi a hannunka. Sannan ku koma kan wannan hanya dai, a wannan gudu, a wannan giya, inji da zafinsa kamar ranar da ka fara ji, ku sake saurarawa kafin a taɓa abu na gaba.